Zuwa Ga Ɗalibar Da Ta Tambaye Ni Game Da Koyi Da Masu Tashe

Assalamu alaikum, 'yata.

Ranar da makarantarku ta yi bikin raba kyaututtuka, bayan na gama ɗan jawabin da aka gayyace ni in yi a matsayina na tsohon malami, kin miƙe a gaban iyaye da malamai da 'yan'uwanki ɗalibai, kin yi mini tambayar da ta sa wurin ya yi tsit. Kin ce na umurce ku da neman abin koyi, ke kuwa kin riga kin samu, wata jarumar fim ce da kike bibiyar al'amuranta a waya, amma kullum a gida faɗa ake yi miki a kanta. Saboda haka kika ce in faɗa miki tsakani da Allah, shin laifi ne mutum ya ɗauki fitaccen ɗan fim ko mawaƙi ko ɗan ƙwallo a matsayin abin koyi? Wasu manya sun yi tsaki, yara sun yi tafi, ni kuwa kafin in buɗe baki aka kira sallar la'asar, sai na yi miki alkawarin amsa a rubuce. Tunda a bainar jama'a kika yi tambayar, a bainar jama'a zan amsa, amma ba zan ambaci sunanki ba, don kada faɗan gida ya ƙaru.

Amsata ita ce, ki koyi sana'ar jarumar nan iyakar iyawarki, amma kada ki yi gaggawar ɗaukar halinta. Ban ce halinta ba shi da kyau ba, domin ban san ta ba. Abin da nake so ki lura da shi shi ne, ke ma ba ki san ta ba.

Bari in fara da abin da ya faru a garin nan na Zariya. A shekarar 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta. A lokacin ina koyarwa, kuma na tuna mun kwashe kwanaki muna gardama a ɗakin malamai, wasu suna cewa yaya za a sa wa mutumin da ya yi wa mashaya waƙa rigar masana, wasu suna cewa babu farfesan da ya yi wa harshen Hausa hidimar da bakin Shata ya yi. Da tafiya ta yi tafiya na gane cewa kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma jami'ar ba ta yi kuskure ba. Fasaharsa ta karrama, da yadda yake ƙaga waƙa nan take a gaban kalangai ba takarda ba alƙalami, da yadda ya adana tarihin mutane da garuruwa a cikin baitoci. Ba ta ce wa iyaye su miƙa masa tarbiyyar 'ya'yansu ba, shi ma bai nemi hakan ba. Mutanen da suka rayu tare da Shata har zuwa rasuwarsa a 1999 sun iya rarrabe abu biyu, wato gwaninta da hali. Sukan ji daɗin waƙa har su yi kyauta mai tsoka, amma idan aka zo maganar yadda za a zauna da mutane, ƙofar wani gidan suke nufa.

Wane gida ne wannan? A Zazzau, koyi zama ake yi masa. Ɗalibin ilimi a zaurukan Unguwar Kona ko Unguwar Juma yakan shafe shekaru a gaban malami guda, kuma ba littafi kaɗai yake ɗauka ba. Yana ganin malamin ranar da aka ɓata masa rai, da ranar da mai bin sa bashi ya zo ƙofar gida, da ranar da aka yi masa rasuwa, da ranar da baƙo ya sauka alhali babu komai a tukunya. Yana ganin yadda yake magana da maƙwabcin da suke rigimar iyaka, da yadda yake tashi da asuba cikin hunturu ba don wani yana kallo ba. Haka yaron maƙeri, haka yaron baduku, haka zuriyar Babban Gwani, maginin da ya gina Masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarki Abdulkarim, waɗanda suka gaji gini ta hanyar cuɗa ƙasa da miƙa tubali tun suna ƙanana. Duk wanda ya yi irin wannan zama ya san malaminsa ciki da bai, ya san inda yake da ƙarfi da inda yake da rauni, don haka idan ya ce zai yi koyi da shi, ya san abin da yake ɗauka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, ki gwada wannan da abin da wayarki take nuna miki. Hoton da kika gani, an ɗauki ashirin aka zaɓi ɗaya. Murmushin, an gyara shi. Motar tana iya zama ta aro, gidan na haya, kayan jikin kuma na mai shagon da ya bayar don a tallata masa. Ba ki ganin ranar fushi, ba ki ganin ranar bashi, sai abin da aka ga damar nuna miki a lokacin da aka ga dama. Ba na kiran wannan yaudara kai tsaye, domin haka sana'ar take, kamar yadda mai tallan atamfa ba ya shimfiɗa gefen da ya koɗe. Sai dai wanda ya gina rayuwarsa a kan abin da aka shimfiɗa masa, sau da yawa kallon kitse yake yi wa rogo.

Misalai ba su da wuyar samu. Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, ya tara mabiya fiye da miliyan 2 a Instagram yana nuna jiragen sama da agoguna da manyan motoci, samarinmu suna ta yi masa kirari suna roƙon Allah Ya maimaita musu. A watan Yunin 2020 aka kama shi a Dubai, a Nuwamban 2022 kuma wata kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara 11 da wata 3 saboda halatta kuɗin damfara. Za ki ce ai wannan ɗan damfara ne tun asali, ba gwani ba ne. To ga gwani. Lance Armstrong ya warke daga cutar daji, ya ci gasar tseren keke ta Faransa sau 7 a jere, daga 1999 zuwa 2005, aka riƙa kai labarinsa makarantu da asibitoci a matsayin darasin juriya. A 2012 aka ƙwace nasarorin duka, a 2013 ya amsa da bakinsa cewa da ƙwayoyin ƙara kuzari ya ci. 'Yan jarida da likitoci da manyan kamfanoni sun zuba masa ido shekara da shekaru, da yawansu ba su gane ba, balle yarinya mai kallo ta gilashin waya daga Tudun Wada.

Amma kada masu tashe su ji wannan su ce na wanke su. A 1993 wani shahararren ɗan ƙwallon kwando na Amurka, Charles Barkley, ya fito a talabijin ya ce shi ba abin koyi ba ne, wasa ake biyan sa ya yi, tarbiyyar yara kuwa aikin iyaye ce. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai a cikin tallan takalman Nike ya yi ta, wato a daidai lokacin da ake biyan sa domin yara su ga abin da ya sa a ƙafa su ma su saya. Nan ne nake tsayawa da su. Wanda yake karɓar kuɗi saboda an san mutane za su kwaikwaye shi, ba shi da bakin cewa kada a kwaikwaye shi ranar da abu ya lalace. A 2022 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta sa wata fitacciyar tauraruwar talabijin, Kim Kardashian, ta biya dala miliyan 1.26 saboda ta tallata wani kuɗin intanet ba tare da ta bayyana cewa an ba ta dala 250,000 ba. A wurinmu kuwa, kullum ana tallata wa 'yan mata man bilicin da maganin ƙiba, ana tallata wa samari cacar ƙwallo da hanyoyin zuba jari masu alkawarin ninka kuɗi a mako biyu, idan lokacin zaɓe ya zo a yabi wanda aka zaga bara, kuma da wuya ki ji wani ya fito ya nemi gafarar waɗanda suka bi maganarsa suka yi asara. Saboda haka duk lokacin da jarumarki ta ɗaga wani abu ta ce yana da kyau, ki fara tambayar kanki wa ya biya.

Akwai na kirki a cikinsu, kuma zalunci ne a ƙi faɗa. Sadio Mane ya gina asibiti da makaranta a ƙauyensu Bambali a Senegal. Ahmed Musa, wanda ya taso ta Kano Pillars ya ci ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014 da wasu biyu a ragar Iceland a 2018, ya dawo ya gina cibiyar wasanni a Kano. Irin wannan aiki a fili yake, ana iya zuwa a taɓa shi da hannu, kuma ya cancanci a kwaikwaya. Sai dai abin da na lura da shi cikin shekarun da na yi a aji shi ne, yara kan kwaikwayi ƙarshen labari su bar farkonsa. Suna ɗaukar askin kai da salon tafiya da irin tabarau, su bar gudun asuba da shekarun da aka yi ana atisaye a filin ƙura babu ko sisi. Na ga yaran da suka bar karatu saboda ƙwallo ba tare da sun taɓa yin atisayen wata uku a jere ba, kuma kowa ya daka ta wani ya rasa turmin daka tasa. Idan har jarumarki ta burge ki, ki binciki shekara nawa ta yi ana ba ta ƙananan fitowa, yaya take haddace magana, yaya take jure maimaita fitowa guda sau goma a cikin rana. Wannan ɓangaren nata ne na gaskiya, kuma zai yi miki amfani ko likita kika zama.

Yanzu bari in juya ga waɗanda suka yi tsaki, domin da su ma nake. Yaro ba ya bin abin da muka ce, abin da ya ga muna girmamawa yake bi. Mu ne muke gayyatar mai tashe bikin 'ya'yanmu, mu ba shi kujerar gaba, mu yi masa liƙi har kuɗi su rufe ƙasa, alhali malamin da ya koya wa amaryar karatu yana can baya a tsaye, albashinsa bai zo ba. Mu ne muke kallon finafinan da dare, gari ya waye mu tsine wa masu yin su, kuma idan namiji da mace suka yi kuskure iri ɗaya, macen muke yi wa taron dangi. Sannan awa nawa muke zama da yaran nan? Yarinyar da take ganin fuskar jaruma awa uku a rana, ta ga ta mahaifinta minti goma, shi ma yana latsa tasa wayar, ba abin mamaki ba ne idan ta fi sanin ra'ayin jarumar a kan aure da sutura fiye da nasa. Alƙur'ani a Suratul Ahzab ya nuna mana wanda yake shi ne kyakkyawan abin koyi cikakke, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Imamu Malik kuma ya ce kowa ana karɓar maganarsa a bar wata, in ban da shi. Idan manyan malamai ma haka ake yi da su, ban ga dalilin da zai sa mu nemi cikar kamala a wurin 'yar fim ba, ban kuma ga dalilin da zai sa mu ce babu abin ɗauka a wurinta ko kaɗan ba.

Ke kuma, 'yata, ina da aikin gida da zan ba ki, tunda tsohon malami ba ya barin hali. A unguwarku ba za a rasa wata mace da kowa yake kai wa ajiya ba, ko ungozomar da ake buga wa ƙofa da tsakar dare ta fito ba tare da ta tambayi nawa za a ba ta ba, ko telar da ba ta taɓa cin yadin mutane ba. Idan kin gama jarrabawa, ki nemi izinin gida ki riƙa zuwa wurinta kina taya ta aiki na wata guda, ki lura da ita musamman a ranakun da abubuwa ba su tafi daidai ba. Ba na ce ki goge jarumarki daga waya ba. Bayan watan ki rubuto mini abin da kika gani a wurin kowace, ki ba shugabar makarantarku ta aiko mini, ni kuma zan amsa miki kamar yadda na amsa wannan.

Ki gaishe da mahaifanki, ki kuma nuna musu sakin layin da ya shafe su.

Wassalam.
Malaminku mai ritaya,
Tudun Wada, Zariya.