Wasiƙa Zuwa Ga Abokan Cinikinmu Game Da Gasasshen Katako

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto muku ne saboda ƙorafin da ya riƙa zuwa mana tun ƙarshen daminar bana a kan gasasshen katakon da muka sayar don aikin waje, da kuma maganar da ta dawo kunnenmu cewa wai mun fara shigo da jabu. Maganar nan ta yi mana ciwo, domin tun zamanin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ba a taɓa jifan wannan shago da irin ta ba.

Katakon nan na itacen da Turawa ke kira fayin (pine) ne daga ƙasar Finlan, inda cibiyar bincike ta VTT ta inganta hanyar gasa shi a shekarun 1990. Ana shigar da shi tanderu, a yi masa zafi mai tsanani tare da tururi don kada ya kama da wuta, ba tare da an zuba masa wani magani ba. Zafin yana fitar da ƙaron icen, yana lalata abin da ƙwayoyin ruɓa ke ci a cikinsa, sannan yana rage masa shan danshi sosai, shi ya sa ba ya kumbura da damina ya motse da hunturu kamar ɗanyen katako. Sai dai aji biyu ne. Thermo-S ana gasa shi a digiri 190, kuma an fi yin sa don cikin gida. Thermo-D ana kai shi digiri 212, ya fi duhun launi, kuma shi ne na baranda da shinge da rufin bango. Thermo-D muka yi oda, kuɗinsa muka biya, takardarmu tana nan ga duk mai son gani.

Abin da ya faru shi ne, tun da darajar naira ta faɗi bayan watan Yunin 2023, cika kwantena mu kaɗai ya fi ƙarfinmu, dole ta sa muka haɗa kaya ta hannun wani dillali. A cikin lodin da ya turo mana an cakuɗa ajin biyu. Kayan sun iso a ɗaure, waɗanda ke sama duk masu duhu ne, kuma babu ɗan kasuwar da zai kwance kowane ɗauri ya duba falle-falle alhali masu oda suna tsaye suna jira. Ni da kaina na je gidan ɗaya daga cikinku, na durƙusa a barandarsa, na ga falle uku masu hasken launi sun ɗan lanƙwashe har yatsana yana shiga tsakaninsu, na kusa da su kuwa suna kwance lafiya. A nan na gane abin da aka yi mana.

Amma wajibi ne mu faɗi cewa ba kowane ƙorafi ne ya fito daga wannan lodin ba. Gasasshen katako, ko mafi kyawunsa, yana komawa ruwan toka idan rana ta daɗe tana dukansa ba a shafa masa mai ko fenti ba, kuma wannan ba ruɓewa ba ne. Gashin yana rage masa ƙarfi, yana sa shi saurin tsagewa, don haka ba a ɗora masa nauyin rufi, kuma sai kafinta ya fara huda shi kafin ya buga ƙusa kusa da baki, ƙusar ma wadda ba ta tsatsa. Abu mafi muhimmanci a ƙasarmu shi ne gara. Gashi ba ya hana gara cin katako, kuma ba a binne shi a ƙasa. Mun sha faɗin haka a bakin shago, amma mun ga inda aka kafa shi kai tsaye cikin turɓaya, daga baya aka ce laifinmu ne.

A halin yanzu muna kan magana da dillalin, muna kuma duba hanyar da za mu bi kada a maimaita. Duk wanda abin ya shafa za mu saurare shi, mu ga abin da zai yiwu gwargwadon hali.

Muna godiya ta musamman ga dattawan kafintocin da suka fara sayen katako a hannun mahaifinmu, yau kuma yaransu ne ke zuwa da awo a rubuce a bayan kwali, da Hajiyar da ta kira mu a waya ta tambaye mu gaskiyar magana kafin ta saurari kowa. Muna roƙon wanda ransa ya ɓaci ya tako zuwa shago mu zauna, kafin ya yanke shawarar kai cinikinsa wani wuri.

Wassalam.

Naku,
Mai shago, a madadin dukkan ma'aikata