Na rushe ɗakin Inna, yanzu ina neman kuɗin iyakwandishan

Assalamu alaikum Malam. Ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na wannan shiri. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙasar Gumel, ina kuma taɓa noman riɗi da gero kamar kowa a nan. Kusan kowane mako ina sauraronka, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan ɗauki biro ba. Ina roƙon a sakaya sunana, domin a garinmu rediyo a zaure ake kunna ta.

Maganar a kan mahaifiyata ce. Inna ta haura shekara 70, tana da hawan jini. Tun da aka kawo ta gidan nan tana amarya, ɗakin ƙasa take kwana, soro mai rufin azara da kauri kamar ganuwa. Shekara uku da suka wuce riɗi ya yi kuɗi, sai na ga bai kamata ni da matana biyu muna cikin ginin siminti ita tana cikin na ƙasa ba. Na sa aka rushe soron, na yi mata ɗaki na bulo, aka rufe da kwano, aka sa taga mai gilashi. Kuɗin silin ne bai isa ba, na ce sai baɗi. Har yau baɗin nan ba ta zo ba. Ranar da ta shiga mutane suka yi ta sa mini albarka, ni kuwa har wani daɗi nake ji a raina.

Bazarar farko ce ta tona asiri. Ka san yadda Maris da Afrilu suke a wajenmu, zafi ya haura digiri 40, iskar ma in ta buso kamar daga bakin murhu take fitowa. Kwanon nan yakan wuni yana shan rana, bulo ya riƙe zafin, har ƙarfe biyun dare in ka dafa bango ɗumi za ka ji. Azumin 2024 da na 2025 duk a cikin wannan lokaci suka faɗo. Inna ta koma shimfiɗa tabarma a tsakar gida, tana jiƙa zani tana lulluɓa, sauro na cin rabonsa. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta kama wa, balle ta dube ni ta ce na yi kuskure. A bakin ƙanwata na ji cewa ta ce soronta na da ko da tsakar rana sai ta nemi mayafi. Malam, ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Sai na ƙudurta zan sa mata iyakwandishan. Na shiga mota na tafi Kano, na zaga shagunan Sabon Gari. Mai shago na farko ya tambaye ni girman ɗakin, na ce ƙafa 12 ne a 12. Ya ce mai ƙarfin doki ɗaya zai ishe shi, amma tunda babu silin gara doki ɗaya da rabi. Ya nuna mini iri biyu: na taga wanda ake fasa bango a cusa, da mai gida biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ya ce mai inbata ya fi tsada amma ya fi tsimin wuta, kuma ba ya fizgar wuta da ƙarfi in zai tashi. Farashin da aka yi ta faɗa mini yana tsakanin naira 350,000 da 500,000, gwargwadon kamfani. Na ce to, wannan da ɗan abin da na ajiye da gudummawar ƙanena za a iya. Ashe ban ji komai ba tukuna. Akwai bututun jan ƙarfe da ake sayarwa da awo, akwai ƙarfen da za a ɗora na wajen, akwai waya mai kauri domin wadda ke gidanmu ta ƙwan fitila ce da cajin waya, akwai sitabilaiza, ga kuɗin mai haɗawa da kuɗin motarsa daga Gumel ko Hadeja. Kafin a gama lissafi an ƙara wajen 150,000.

Duk wannan ma da sauƙi. Da ya tambaye ni wace irin wuta muke samu sai na yi shiru. Turakun wuta dai akwai su a garinmu, amma sai a yi mako ba a kawo ba, in an kawo ma rabin wuta ce, ƙwai ya yi ja kamar garwashi. Ya yi dariya ya ce, Malam ai ba banza ake auna abin nan da doki ba, sayensa ba ya wuya, harawar ce aiki. Ƙaramin janareton da nake da shi ba zai ɗauka ba, sai an sayi babba, shi kuma kusan lita guda yake sha a awa. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 ka san inda lita ta kai. Na buga lissafin awa shida kowane dare, na ga a wata ɗaya kuɗin man ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 har ya wuce. Ni da ke jiran ƙarshen wata kamar mai jiran ganin jinjirin watan Sallah.

Saura sola. Wani yaro da na koyar a aji shida, yanzu sana'arsa ke nan a Dutse, ya zo har gida ya duba. Ya ce rana kam muna da ita har ta yi yawa, matsalar dare ce, domin batirin da zai riƙe iyakwandishan har asuba shi ne rabin kuɗin. Faranti, inbata, batir da aiki, ya ce in tanadi sama da miliyan biyu. Kuma yaron nan, Allah ya yi masa albarka, ya faɗa mini gaskiya duk da cinikinsa ne: ya ce ko an sa, in babu silin sanyin ta kwano zai gudu, kuma sai ƙofa ta zauna a rufe. Ƙofar Inna kuwa asabari ne kawai a kanta, jikoki na shiga suna fita, maƙwabta na zuwa gaisuwa, har kaji ba a hana su. Shawararsa ita ce in fara da silin, in fasa taga ta biyu iska ta riƙa ratsawa, in sayi fanka mai caji da ƙaramin faranti, ko na'urar nan da ake zuba wa ruwa tana huro sanyi, wadda ya ce ta fi aiki a busasshen zafi irin namu kafin damina ta faɗi.

Hankalina ya karɓi maganarsa, zuciyata ce ta ƙi. Gani nake kamar na rushe mata abu mai kyau zan biya ta da fanka. Abin da nake da shi da zai kawo miliyan biyu shi ne shanun huɗata guda biyu, kuma in na sayar da su da me zan yi huɗa in ruwa ya sauka? Ƙanena da ke Kano ya ce a sayar, uwa ɗaya ce, shi zai kawo 400,000. Uwargidana ta ce wannan an sayar da kare ne an sayi biri, tunda batir ma yana da shekarunsa, ranar da ya mutu babu sa na uku. Amarya ba ta ce komai ba, amma tana goyon jariri mai ƙurajen zafi har a fatar kai, kuma na ga irin kallon da ta yi mini. In sanyi ya shiga ɗaki ɗaya a gidan nan, na san ba a ɗaki ɗaya maganar za ta tsaya ba. Kawuna kuma ya ce in bar wahalar da kaina, in kira magina su sake gina mata soron ƙasa a bayan gida, kuɗinsa bai kai rabin na'urar ba. Ni kuma kunya nake ji a ce malamin makaranta ya mayar da uwarsa ɗakin ƙasa.

Malam, ka taimake ni da abu uku. Shin a wajen Allah da wajen mutane na gaza ne in na tsaya a silin da fanka? In kuma da likita a cikin baƙinka, ka tambayar mini ko sanyin na'ura yana da illa ga tsohuwa mai hawan jini da ciwon gwiwa, wadda ba ta taɓa kwana a cikinsa ba, don kada in kashe kuɗi ta ce a kashe mata abin nan. Na uku shi ne ya fi yi mini nauyi: ta wace hanya zan tambayi Inna abin da ita take so, alhali in na shiga gaishe ta ko ido ba ma haɗawa, kuma na san ko me na ce amsarta ita ce Allah ya yi albarka?

Dillali ya riga ya zo ya ga shanun, ya ce in na shirya ranar Alhamis ta sama ya kora su kasuwar Maigatari. Don Allah a karanta wasiƙata kafin ranar.

Naka mai sauraro,
Wani malamin firamare daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa