Godiya ga samarin Tawa da suka haɗa mana faks da kundin abokan ciniki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan ƙaramin kamfanin nan na gyaran kwamfuta da haɗa na'urorin biro da ke garin Tawa.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, na rubuto ne in yi muku godiya a bainar jama'a. Na yi ta da baki ranar da kuka gama aiki, amma ranar hankalina yana kan wata mota da ake yi wa lodi a Tamaske, godiyar ba ta fito yadda take a raina ba. Shugabanku ya roƙe ni kada in rubuta sunan kamfanin, wai kada a ce biyana aka yi. Na bi maganarsa, ko da yake duk mai harkar albasa a garin nan zai gane ko su wa nake nufi.

Ni ɗan kasuwar albasa ne, gado na yi. Muna saye daga manoman Galmi da Madawa da Tamaske da Keita, mu yi lodi zuwa Abijan da Akra da Lome, wani lokaci Kwatano. Na san yara za su yi dariya su ce wa ya rage yana aiki da faks a zamanin WhatsApp. Ni ma yawancin cinikina ta wayar hannu yake tafiya yanzu. Amma akwai manyan dillalai a Abijan da muke tare tun mahaifina yana da rai, kuma har gobe idan oda ta kai ta mota cike sai sun rubuta ta, sun sa hannu, sun buga hatimi, sannan su turo ta faks. Haka wasu daga cikin masu fitar mana da kaya a duwan. Mutumin da ya shekara talatin yana ba ka amana, ba ka ce masa ya sake hali don kai ka sayi sabuwar waya.

Wahalarmu ba a wajen karɓar takarda take ba, a wajen nemo ta take. Tsohuwar na'urarmu irin mai naɗaɗɗiyar takardar nan ce da ba ta shan tawada, zafi ne ke fito da rubutu a jikinta. To ka ajiye irin wannan takarda a kabad na ƙarfe, ƙarƙashin rufin kwano, ta sha zafin Afrilu da Mayu na Adar. Wata za ta yi baƙi, wata rubutun ya dushe har sai ka ɗaga ta ga rana kana ƙifta ido. Ga shi kuma mai riƙe mana lissafi ba ya gajiya da tuna mini cewa dokar OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta wasu ƙasashen Afirka wadda Nijar ke cikinta, ta ce a adana takardun shaidar lissafi shekara 10. Shekara 10, da takardar da ba ta iya kai damina biyu!

Sai da abin ya ci mini kuɗi na farka. Bara waccan wani dattijo, tsohon abokin cinikinmu na Abijan, ya ce buhu 300 ya yi oda, mu kuma 350 muka loda masa. Na tabbata 350 na gani da idona. Muka kwana biyu muna birkita kabad, da muka samo takardar sai ga lambar tsakiya ta goge, ba a gane ko sifili ce ko biyar. Albasa kuwa ba ta jiran shari'a, tana can cikin damshin bakin teku tana ruɓewa. Na haƙura aka sayar da buhu 50 ɗin a wulaƙance. Ban ce ya cuce ni ba, wataƙila shi ma mantawa ya yi. Amma daga ranar gaisuwarmu ta yi sanyi, kuma wannan ya fi asarar kuɗin ciwo.

Lokacin ɗana ya riga ya sa mana wata manhaja ta kyauta mai suna Dolibarr, inda muke rubuta sunayen abokan ciniki da lambobinsu da abin da muke binsu. Sai ya zama muna da gida biyu da ba sa ga maciji: sunan mutum yana cikin kwamfuta, takardarsa tana cikin kabad. Shi ya sa na aika a kira ku.

Abin da ya fara burge ni, 'ya'yana, shi ne ranar farko ba ku zo da komai na sayarwa ba. Kujera kuka nema. Kwana uku ɗayanku yana zaune a kusurwa da littafi, yana kallon yadda takarda ke fitowa, wa ke ɗauka, ina take kwana, wa ke tambayarta gobe. Ni har na fara zargin ko shayinmu ne ya yi masa daɗi. A rana ta huɗu ya ce, "Baba Alhaji, na'ura ba za ta ba mu wahala ba. Kundinku ne zai ba mu wahala." Na ji haushin maganar a lokacin. Gaskiya ya faɗa.

Da kuka buɗe kundin sai kunya ta kama ni. Mutum ɗaya an rubuta shi sau huɗu: sau ɗaya da sunansa na yanka, sau ɗaya da laƙabin da ake kiransa a kasuwa, sau ɗaya da sunan shagonsa, sau ɗaya kuma "Alhaji na Abijan" kawai, alhali muna da Alhazai a Abijan sun fi goma. Lambobi kuma kowa da yadda ya ga dama. Wani ya fara da 00225, wani da +225, wani bai sa lambar ƙasa ba sam, wani ya raba da ɗigo, wani ya haɗa lambar faks da ta wayar gida a layi ɗaya. Mu mutane muna ganewa, amma kun nuna mini cewa kwamfuta ba ta san kara ba, idan lamba ta bambanta da ko ɗigo ɗaya to a wurinta baƙo ne. Sannan kuka gano abin da ya fi duka: Kodebuwa ta mayar da lambobin wayarta daga 8 zuwa 10 tun ranar 31 ga Janairun 2021, Benin ma ta yi haka a ƙarshen Nuwamban 2024, mu kuwa rabin kundinmu yana nan da tsofaffin lambobi. Sababbin suna cikin wayar ɗana da kan sakatarenmu. Da ɗayansu ya bar aiki, da sun tafi da shi.

Mako biyu cur 'yarku mai kula da wannan sashe ta yi tare da sakatarenmu suna bin suna ɗaya bayan ɗaya. Inda suka yi shakka sai su buga waya su tambaya. Kowace lamba ta koma tsari guda, alamar tarawa, lambar ƙasa, sannan lambar mutum, babu tazara babu ɗigo: 227 ga na gida, 225 ga Kodebuwa, 233 ga Gana, 228 ga Togo, 229 ga Benin. Aiki ne mai gundura wanda ba a gani, ba kuma a yabon mai yinsa. 'Yata, na gani, Allah ya yi miki albarka. Ba sau ɗaya ba na same ki kina gyara sunan wani dattijo don kada takarda ta fita da sunansa babu "Alhaji" a gaba, abin da babu manhajar da za ta koya miki.

Haɗin kansa bai ɗauki lokaci ba. Kuka bar mana layinmu na wayar girke, kuka jona shi da wata 'yar kwamfuta mai ɗauke da manhajar HylaFAX, ita ma ta kyauta. Yanzu idan faks ya shigo ba ya fita a takarda. Hotonsa ake ajiyewa, a mayar da shi PDF, sannan ɗan tsarin da kuka rubuta ya dubi lambar da ta turo, ya neme ta a kundi, ya liƙa takardar a shafin mai ita tare da rana da sa'a. Idan mu za mu aika, daga shafin mutumin ake dannawa, lambar ta fito da kanta, kuma shaidar cewa saƙo ya isa da yawan shafukan da suka tafi ta zauna nan kusa da takardar. A da wannan 'yar shaidar ita ce abin da yara ke naɗe gyaɗa da shi.

Na tambaye ku me ya sa ba za mu yar da layin girken mu koma intanet gaba ɗaya ba, tun da kowa can ya nufa. Da kun ce to, da kun ƙara samun kuɗi a wurina. Sai kuka bayyana mini cewa faks da sauti yake magana, wannan kukan da ake ji idan an ɗaga waya, kuma layukan kira ta intanet sukan matse sauti don ya yi sauƙin tafiya. Muryar mutum tana jure matsi, kukan faks ba ya jurewa, sai shafi ya yanke a tsakiya. Kun ce akwai ƙa'idar da aka fitar don magance haka tun 1998, wadda ake kira T.38, amma sai hanyar da kiran ke bi ta san da ita, kuma ba ku da ikon tabbatar da haka tsakanin Tawa da Abijan. Don haka kuka ce a bar abin da ke aiki ya ci gaba da aiki. Kuka ƙara mana batirin ajiya saboda ɗaukewar wuta, domin faks ba kamar saƙon waya ba ne da zai jira ka, idan ya zo ya tarar da na'ura a kashe sai mai aikowa ya sake gwadawa, in ya tuna.

Ba zan ɓoye inda abin bai yi ba, tun da ku ma ba ku ɓoye mini ba. Ɗana ya so kwamfutar ta riƙa karanta abin da ke cikin takarda da kanta, ta ciro yawan buhu da farashi. Kuka gwada a gabanmu. Rubutun na'ura tana ɗan kamawa, amma rubutun hannun dillalanmu, bisa hoton faks da dama bai da kaifi, sai ta mayar da bakwai ɗaya, ta mayar da hatimi haruffa. Shugabanku ya kashe wannan tsarin karatun ya ce ba zai ɗora dukiyar mutane a kan abin da ke canki-canki ba, mutum ya karanta ya shigar da hannunsa. Haka kuma wasu takardun suna shigowa babu lambar mai aikowa, ko kuma da lambar shagon da mutum ya je ya biya aka tura masa, domin layin da ke fitowa a saman faks mai na'ura ne ke rubuta shi, wani ya bar shi fanko, wani bai gyara ba tun da ya saye ta hannu. Waɗannan kuka yi musu wurin da kuka sa wa suna "zauren baƙi", kowace safiya sakatare ya duba ya kai kowane baƙo ɗakinsa. Sunan ya bi biro, har masu lodi sun ɗauka.

Ƙorafina ɗaya shi ne komai na fuskar manhajar da Faransanci yake, mai kula da sitonmu kuwa allo ya yi, ba lakwal ba. Kun rage zafin abin da kuka zana masa matakan a kwali da Hausa, boko a sama ajami a ƙasa, aka manna a bango. Yana aiki da shi, amma ina fata wata rana abin ya zo da harshenmu daga tushe.

Akwai kuma abin da ban tambaya ba kuka yi. Kun raba wa kowa mabuɗinsa, mai sito yana ganin oda amma ba ya ganin bashin mutane, mai lissafi yana ganin duka. Kun tuna mini cewa lambobi da sirrin cinikin mutane amana ce, kuma ƙasarmu tana da doka kan kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke sa ido a kai. Kun sa duk ranar Alhamis a kwafe komai a wani faifai da nake tafiya da shi gida. Sannan tsofaffin takardun kabad waɗanda ba su gama mutuwa ba, kuka ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya kafin su ƙarasa. A cikinsu na ga wata oda da mahaifina ya rubuta amsa a gefenta da hannunsa. Na daɗe ina kallonta.

A kakar albasar bana irin waccan magana ta sake tasowa, da wani mutum dabam, kan farashin buhu. Yana kan waya yana rantsuwa, ni kuma na ce wa sakatare ya buɗe shafinsa. Kafin ya gama rantsuwar takardar tana gabana, da sa hannunsa da hatiminsa da ranar da ta shigo. Sai ga shi ni ne na yi kuskure, shi ke da gaskiya. Na ba shi haƙuri nan take, muka yi dariya, ya tambayi lafiyar iyali. Shi kuwa dattijon farko na Abijan, na aika masa da gaisuwar Sallah ta faks daga shafinsa, tun da ita ya fi yarda da ita. Ya amsa da hannunsa, amsar tana nan a liƙe.

Ku gaishe mini da yaron nan da ya zo ran nan da tsakar rana a kan babur don kawai waya ta saki a bayan kwamfuta, ya mayar da ita ya ƙi karɓar ko kuɗin mai. Idan kakar ta lafa ina son ku dawo mu zauna kan hotunan oda da ake turo mana ta WhatsApp, su ma sun fara ɓacewa cikin wayoyin yara kamar yadda na kabad suka yi.

Buhu biyu na 'yar Galmi suna hanya zuwa shagonku, na tsakar kaka ne, masu ajiyuwa. Ɗaya na shugabanku, ɗaya a raba, a fara da 'yata mai gyaran sunaye. Na gaya wa mai amalanken ko an ce ya dawo da su kada ya dawo.

Allah ya saka da alheri, ya sa albarka a sana'arku.

Naku,
Babanku mai albasa, Tawa.