Babana, kada ka karɓi saƙon kowa

Assalamu alaikum Babana,

Da fatan kana lafiya. A bakin yayarka na ji an ba ka bizar Chaina, har an yanki tikiti. Ni da na haife ka sai daga baya labari ya iso ni. Allah ya sa alheri ne ya kira ka.

Na sa ƙaninka ya duba mini tafiyar a wayarsa. Daga Abuja zuwa Guangzhou ya haura kilomita 11,000. Za ku yi kusan awa 5 kafin ku sauka Adis Ababa, ku zauna jiran wani jirgin, sannan ku ƙara awa 10 da wani abu a sama, ban da jirgin ƙasan da za ka hau tun daga Rigasa. Agogonsu ya riga namu da awa 7, ina sallar isha'i nan, can dare ya riga ya raba.

Duk wannan zan iya haƙuri da shi. Abin da ya hana ni barci shi ne maganar da na ji, wai abokin nan naka na Kasuwar Barci da ya cika maka kuɗin jirgi yana da saƙon da za ka kai wa wani a can. Saƙon me? Ka buɗe ka gani da idonka? Chaina ƙasa ce da ake yanke hukuncin kisa a kan safarar ƙwaya, kuma wanda sunansa ke jikin jaka shi ake kamawa. Ka tuna ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda wata jaka da aka maƙala wa sunanta a filin jirgi ba ta sani ba. Sai da ta shafe watanni kafin a sako ta, ita da ƙasa ɗungurungum ta tsaya mata. Kai wa zai tsaya maka? Da Kano ce, kafin la'asar na iso. Can fa, ko hanyar ban sani ba, ko yarensu ba na ji.

Tun kana yaro ba ka iya cewa a'a ba. Wannan halin ne ya jawo mana maganar shagon Tudun Wada, ka kuma san abin da na sayar kafin a kashe ta. Kana cewa na cika takura maka. To da ban takura ba a lokacin, yau ina kake? Ubanku ba ya nan, ni kaɗai ce zan faɗa maka abin da ba ka so.

Ka mayar masa da saƙonsa, in ya ji haushi ni zan biya shi kuɗinsa. Kayanka ka ɗaure da hannunka, ka tsaya a auna su a gabanka, ka ƙirga takardun kayan da za a ba ka su yi daidai da jakunkunanka. A Adis Ababa gajiya da barci za su kama ka, ko tsohuwa sa'ata ce ta ce ka riƙe mata leda, ka ba ta haƙuri.

Ban hana ka neman halal ɗinka ba, Babana, na yi maka farin ciki ƙwarai. Ka zo gida kafin ranar tafiya, na sa a yi maka dambun nama. Allah ya kai ka lafiya ya dawo mini da kai lafiya, Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Kaduna