Wasiƙa daga Nagano

Assalamu alaikum, mutumina.

Ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ya hunturun Kano? Kada ma ka yi mini ƙorafi, don nan ƙanƙara ke sauka kamar audugar rimi, ruwan alwala sai na ɗumama.

Yi dariyarka son ranka. Abokin nan naka da ko shayi sai an haɗa masa, yau ga shi tsugune gaban tukunyar wake. Tsohuwar da na sauka a gidanta, a wani ƙauye cikin duwatsun Nagano a nan Japan, ita ta ja ni aikin miso. Daddawarsu ke nan in taƙaice maka, kuma a tsakiyar sanyi ake haɗa ta don kada ta yi saurin tashi. Kayan haɗin uku ne: waken soya, gishiri, da koji, wato turarriyar shinkafa da aka bar farin fumfuna ya kama ta da gangan. Da na gani cewa na yi ai wannan ta lalace. Ta gutsuro ta ba ni, sai na ji zaƙi.

Wake kilo ɗaya muka jiƙa ya kwana, muka dafa wajen awa 4. Gwajinta shi ne ka matse ƙwaya tsakanin babban yatsa da ɗan ƙaramin, in ba ta murƙushe ba da saura. Sau uku ina cewa ya yi tana girgiza kai. Da muka kirɓa na ɗauko koji zan juye da zafinsa, ta buge mini hannu da ludayi, wai zafi na kashe shi. Sai da ya huce muka cuɗa da koji kilo ɗaya da gishiri kusan rabin kilo. Daga nan muka yi ta curawa kamar fura, muna maka curin a gindin tukunya da ƙarfi don iska ta fita. Nan ne kaɗai ta yabe ni. Muka barbaɗa gishiri a sama, muka danne da dutse.

Makon jiya na leƙa Okazaki, garin da aka haifi Tokugawa Ieyasu, wani babban mai mulkin Japan na zamanin da, inda ake Hatcho miso. Su ba ruwansu da shinkafa, wake ne da gishiri. Gangar katako ɗaya na cin tan 6, a jera mata duwatsun kogi tan 3 da hannu kamar dala, a bar ta fiye da shekara 2. Baƙa ce wuluk, kuma ita ce ta fi kama da warin kicin ɗin gidanku.

Miyar safe kuwa na iya ta. Ruwan ganyen teku da busasshen kifi, tofu (awararsu), ɗan albasa, sai a sauke tukunya kafin a narkar da miso. Mu daddawa sai ta tafarfasa a miyar kuka, su kuwa tafasa ce ke kore ƙanshin. Abin da nake kaffa-kaffa da shi mirin ne da sake, don giya ce kuma suna zuba su a girki kamar yadda muke jefa magi. Tun ranar da na yi mata bayani ta ɗauke kwalaben daga kusa da murhu.

Tukunyar tamu sai wajen Oktoba za a buɗe, ni kuma Afrilu zan taso. Ta rubuta sunana a takarda ta manna a murfin, ta tura ta ƙarƙashin matakala.

Don Allah in ka je gida ka tambayar mini Hajiya kwana nawa take rufe kalwa bayan ta dafa, kuma da wane ganye. Shekara nawa ina cin daddawarta ban taɓa tambaya ba, ga tsohuwar nan ta tsare ni sai na faɗa mata.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka har kullum.