Wasiƙar godiya ga ma'aikatan ɗakin gwajin ruwa na jiharmu

Zuwa ga Shugaban ɗakin gwajin ruwa da ma'aikatansa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin mai unguwa da kwamitin ruwa na unguwarmu, domin mu yi muku godiya a bainar jama'a kan gwajin da kuka yi wa rijiyoyinmu, da kuma gaskiyar da kuka faɗa mana ba tare da rufa-rufa ba.

Mun lura da yadda ma'aikatanku suka yi aikinsu. Ba su ɗebi ruwan rijiyar burtsatse ba sai da suka bar famfo ya yi ta zuba, ruwan da ya kwana a bututu ya fita, sannan suka cika kwalabe, suka rubuta wa kowace lamba da lokaci, suka jera su cikin akwatin ƙanƙara. Da sakamako ya fito, ruwan burtsatsen ya tsallake, amma tsohuwar rijiyar da ke kusa da masai da gonakin da ake zuba wa takin zamani, wadda dattawanmu ke yabo saboda garɗin ruwanta, an samu sinadarin naitiret, wanda ke shiga ruwa daga najasa da taki, a cikinta ya haura miligiram 50 a kowace lita, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya.

Abin da ya fi burge mu shi ne ba ku miƙa mana takarda kuka sallame mu ba. Jami'arku ta zauna da iyaye mata, ta yi musu bayani da Hausa cewa wannan sinadari ya fi yi wa jarirai illa, domin yana hana jini ɗaukar iskar da jiki ke buƙata, kuma tafasa ruwan ba ya fitar da shi, sai ma ya ƙara masa yawa yayin da tururi ke tashi. Da yawanmu mun taso da fahimtar cewa tafasa ta gama komai, alhali ƙwayoyin cuta take kashewa.

Mun kuma ji daɗi da kuka auna sinadarin fulorayid, wanda bai kamata ya wuce miligiram 1.5 a lita ba. Duk wanda ya san labarin Tibiri da ke kusa da Maraɗi, inda ruwan burtsatse mai yawan fulorayid ya lalata haƙoran yara, ya tanƙwara ƙasusuwansu a shekarun 1980 da 1990, ya san wannan awo ba ɓata lokaci ba ne. Namu, alhamdu lillahi, ya fito lafiya.

Yanzu an ware tsohuwar rijiyar don wanki da ban-ruwa kawai. Muna roƙon ku dawo bayan damina kamar yadda kuka shawarta, kuma kwamiti ya fara tara kuɗin gwajin. Allah ya saka muku da alheri.

Wassalam,
Sakataren kwamitin ruwa na unguwa