Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Babbar Sakatariyar CITES Kan Sauye-sauyen Sunayen Kwaɗi da Salamanda

Zuwa ga Uwargida Ivonne Higuero,
Babbar Sakatariyar CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan fataucin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa,
Jeniba, Suwizalan.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto miki ne game da kwaɗi da 'yan'uwansu salamanda, masu jela da ƙirar ƙadangare, da kuma sunayen kimiyya da ake ta sauya musu tun shekarar 2005 zuwa yau. Na san abin da ke kan teburinki: hauren giwa, ƙahon karkanda, ɓawon dankunya, katakon da ake sara babu izini. A tsakiyar waɗannan, maganar sunan kwaɗo za ta yi kama da ƙaramar magana. Sai dai yarjejeniyar da kike jagoranta tun 2018 a kan suna take tsaye gaba ɗayanta. Ma'aikacin kwastan da ya buɗe akwati a filin jirgin sama, ya tarar da ƙananan robobi masu huji, kowacce da ɗanyen soso da kwaɗo ɗaya maƙale a jikin murfi, ba shi da abin dogaro sai kalmomi biyu na Latin da ke rubuce a takardar kayan. In ya same su a jadawalinku na dabbobin da ake karewa, ya nemi izini ko ya riƙe kaya. In bai same su ba, ya buga hatimi a wuce.

Waɗannan kalmomi biyu kuwa sun daina zama wuri ɗaya. Ta farko tana nuna gidan da dabbar ta fito, ta biyu tana nuna nau'inta, kuma ta farkon ce ta fi yawo. Dubi babban kwaɗon nan na Kudancin Amurka da aka kai Ostireliya a 1935 don ya cinye ƙwarin gonakin rake, ya zame wa ƙasar alaƙaƙai. Masanin halittu Carl Linnaeus ya sa masa Rana marina a 1758. Ya daɗe ana kiransa Bufo marinus, kuma da wannan suna ya shiga dubban rubuce-rubuce da dokoki. A 2006 ya koma Chaunus marinus, shekara guda bayan haka ya zama Rhinella marina. A 2016 aka sake gano cewa waɗanda ke Meziko da Amurka ta Tsakiya nau'i ne daban, aka ce da su Rhinella horribilis. Wani kwaɗo da ya bazu a faɗin Afirka ma haka: Bufo regularis ne har 2006, sai Amietophrynus regularis, sai kuma Sclerophrys regularis daga 2016.

Kada ki ɗauka ƙarar masana na kawo miki. Ina tare da su, kuma ruwa ba ya tsami banza. Tsohon tsari ya dogara ne da kama: duk kwaɗo mai kaushin fata da gajerun ƙafafu a jefa shi gidan Bufo, duk mai santsi da dogon tsalle a jefa shi gidan Rana, ko daga wace nahiya ya fito. Da aka samu damar karanta ƙwayoyin gado na DNA, sai ta bayyana cewa kama da wane ba ta wane. Aikin da Darrel Frost da abokansa suka wallafa a 2006 a mujallar gidan tarihin halittu na Amurka da ke New York, wanda ya kwatanta nau'o'i 522, shi ya farfasa waɗannan manyan gidaje. Kafin shi Julián Faivovich da tawagarsa sun yi wa kwaɗin bishiya irin wannan aiki a 2005. Sauyin Sclerophrys kuma ƙa'ida ce ta jawo shi: Annemarie Ohler da Alain Dubois sun sake duba wani tsohon samfuri da masani Tschudi ya sa wa suna Sclerophrys tun 1838, suka ga ɗan wannan gida ne, dokar sanya suna kuwa ta ce sunan da ya riga shi ke da gida. Wanda ya ce masana su dakata don takardunmu su huta, yana neman a bar kuskure ne saboda an saba da shi.

Tarihin babban salamanda na ƙasar Sin ya isa hujja a kan haka, kuma shi ne ya fi taɓa mini zuciya. Dabba ce mai faffaɗan kai da ƙananan idanu, tsawonta kan wuce mita ɗaya, tana zaune a ƙoramun duwatsu masu sanyi. Shekara da shekaru ana ɗaukarta nau'i guda, Andrias davidianus. Da ta yi ƙaranci a daji saboda farauta, aka buɗe gonakin kiwo masu miliyoyin dabbobi, aka riƙa sayo su daga wannan lardi zuwa wancan, ana haɗa su suna hayayyafa, sannan a saki wasu cikin koguna da niyyar farfaɗo da su. Niyya mai kyau ce. A 2018 bincike ya nuna aƙalla zuri'o'i biyar ne mabambanta, kowacce da kogunanta, sun rabu tun miliyoyin shekaru. A 2019 aka dawo da sunan Andrias sligoi, wanda Edward Boulenger ya bayar tun 1924 ga wata da ta rayu a gidan namun dajin Landan, aka yi watsi da shi daga baya. A 2022 aka ƙara Andrias jiangxiensis. Wato duk tsawon lokacin da suna ɗaya ya lulluɓe su, ana cakuɗa nau'o'in da ba a ma san da su ba, kuma abin da aka cakuɗa a kogi ba ya tacuwa. Da sunan ya canza da wuri, da an yi hattara.

A nan CITES ta yi dace, domin gidan Andrias ɗungurungum aka sa a Jadawali na Ɗaya, mai kariya mafi tsauri, don haka duk sabon nau'in da aka gano ya tarar da kariya tana jiransa. Amma ba kullum ake dacewa ba. A babban taron CITES na Doha a 2010 ƙasashe sun sa gidan Agalychnis, kwaɗin ganye masu manyan idanu da masu kiwon sha'awa ke rububi, a Jadawali na Biyu, na dabbobin da ake fataucinsu da izini. A lokacin nau'o'i biyar ake nufi. A cikin wannan shekarar masana suka faɗaɗa gidan, wasu kwaɗin da ke ƙarƙashin wasu sunaye suka shigo, ciki har da wanda yanzu ake kira Agalychnis lemur, ɗan siririn kwaɗo na dazukan Kosta Rika, Panama da Kolombiya da ke gab da ƙarewa. Ƙa'idarku ita ce sauyin suna ba ya faɗaɗa jadawali da kansa, kuma na fahimci hikimar hakan: ƙasashe ne ke yanke abin da za a kare. Amma ki duba halin da ma'aikaci ya shiga. Jadawali ya ce Agalychnis, takardar kaya ta ce Agalychnis, amma wannan bai shiga ba. Sai a taron Panama na 2022 aka sa shi da sunansa, bayan shekara goma sha biyu.

Akwai kuma cinikin cinyoyin kwaɗi. A manyan kantunan Faransa ana sayar da su a daskare cikin leda, an feɗe, babu kai babu fata, yawancinsu daga Indunusiya. A jikin leda an rubuta Rana macrodon, sunan da masana suka daɗe da barinsa. A 2017 Ohler da Violaine Nicolas suka gwada DNA ɗin irin waɗannan cinyoyi, suka tarar kusan dukkansu na wani kwaɗo ne daban, Fejervarya cancrivora. Tsohon suna, kuma a kan dabbar da ba ita ba. Ta yaya wata ƙasa za ta kawo muku hujjar cewa fatauci na cinye wani nau'i, alhali alƙaluman fataucin da sunan wani aka rubuta su?

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne masanan kansu ba su zama baki ɗaya ba. Manyan kundaye biyu ake dubawa a intanet: na Frost da ke New York, da AmphibiaWeb na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley. A kan ƙaton kwaɗon Arewacin Amurka da ya bazu a duniya yana cinye na gida, na farko ya koma Lithobates catesbeianus, na biyu ya tsaya a kan Rana catesbeiana, a 2021 kuma wasu suka kawo Aquarana. Dukkansu sun yarda da yadda dangantakar take, inda za a ja layin gida ne suka saɓa. Da Tarayyar Turai ta zo sa shi a jerin baƙin dabbobi masu ɓarna a 2016, sunayen gida biyu ta rubuta a jere, kuma a ganina ta yi daidai. Hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da ƙa'idar sanya wa dabbobi suna, wadda aka kafa a 1895, ba ta raba irin wannan gardama. Aikinta ta faɗi wane suna ne halastacce, ba ta faɗin wa ya kamata a haɗa da wa.

Duk wannan yana faruwa ne a kan dabbobin da ba su da lokacin jira. A tsakiyar shekarun 1980 nau'o'i kusan 4,000 aka sani, yau sun haura 8,000, kuma kowace shekara ana ƙara sama da ɗari. Ƙididdigar duniya da aka wallafa a 2023 ta duba nau'o'i 8,011, ta tarar kashi 41 cikin ɗari suna cikin haɗarin ƙarewa. Babu wani rukuni na dabbobi masu ƙashin baya da ya kai su. A cikin salamanda, uku ne cikin biyar. Kuma duk sanda aka raba nau'i ɗaya gida uku, kowane ɓangare yakan fito da ƙaramin muhalli da ƙarancin yawa fiye da yadda ake zato, sai mai fatauci ya ga sabon abu mai tsada da babu shi a jerin kowa.

Na san ba a zaune kuke ba. Kuna da ƙuduri kan daidaitattun sunaye, kuna da ƙwararren masanin suna a Kwamitin Dabbobi, kuma rumbun bayanai na intanet mai suna Species+ yana nuna tsofaffin sunaye ga wanda ya nema. Na kuma san ba ke ke jefa ƙuri'a ba, ƙasashe sama da 180 ne. Amma sakatariya ce ke shirya takardun taro, ita ke aika sanarwa ga ƙasashe, kuma abin da ta ɗauka da muhimmanci shi ake tattaunawa. Matsalar ita ce ana amincewa da sabon jerin sunaye ne a babban taro, bayan shekara biyu zuwa uku, alhali kundayen masana na sauyawa kusan kowane wata. Daga nan kuma sai a jira kowace ƙasa ta gyara dokarta ta cikin gida, wasu su yi, wasu su bari.

Don haka roƙona na farko, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne sakatariya ta riƙa fitar da sanarwa ga ƙasashe kowace shekara, tsakanin taro da taro, mai ɗauke da duk sauyin suna da ya shafi kwaɗi da salamanda da ke jadawali. Kowane layi ya faɗi tsohon suna, sabon suna, sannan a fili: wannan yana ciki, ko wannan ba ya ciki. Ba sai an jira ƙuri'a kafin a gaya wa ma'aikaci cewa sunaye biyun nan dabba ɗaya ce ba. Ya zama abin da za a iya bugawa a takarda a manna a bangon ofis, domin ba kowace iyaka ke da intanet mai ƙarfi ba, kuma ba kowane jami'i ke da masani a kusa da zai buga wa waya ba.

Ina kuma roƙon ki shawarci ƙasashe su bar gurbi a takardar izini don sunan da mai kaya ya sani, kusa da sunan da CITES ta amince da shi. Kuma duk ƙasar da ta kawo shawarar sa gida ko dangi gaba ɗaya, kamar yadda aka yi wa kwaɗin gilashi na dangin Centrolenidae a 2022, a nemi ta rubuta tun farko abin da zai faru in an shigo da sabon nau'i ko an fitar da wani. Da an yi haka a Doha, da ba a bar ƙaramin kwaɗon nan a bakin ƙofa ba.

Na ƙarshe ya shafi kuɗi. Masanin suna guda ba zai iya bin sawun duk dabbobin duniya ba, daga murjani zuwa biri. Ki nemi a ware kasafi don ƙaramin kwamitin masana kwaɗi da zai taimaka masa, kuma a zaɓo su daga yankunan da dabbobin suke: Kudancin Amurka, Afirka, Madagaska, Kudu maso Gabashin Asiya. Su ne ke shiga fadama da tocila cikin dare, su ke sanin kukan kowane nau'i, kuma sau da yawa su ne na farko da ke lura cewa abin da littafi ya kira ɗaya, biyu ne. Ina fatan ganin wannan batu a ajandar zaman Kwamitin Dabbobi mai zuwa.

Ki huta lafiya.

Naki cikin girmamawa,
Wani malamin kimiyyar halittu